Ƙulli Bakwai a Rigar Apolonia

Ranar Alhamis da la'asar na hau dutsen garinmu don in karɓo rigar mahaifiyata daga tsohuwar fada. Aike ne da bai kamata ya wuce rabin awa ba. Ko rigar sanyi mai kauri ban tsaya ɗauka ba, na ce wa ƙanina Imrich ya zauna kusa da Mama, yanzu zan dawo.

Ranar kwanan Mama tara tana gargara. Likita ya ce mana kwana biyu, in ta yi nisa uku. Limamin coci ya zo ya shafa mata mai, ya tafi, ya sake dawowa, har ya fara jin nauyin shigowa. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta gane kowa. Numfashi ne kawai, mai ƙara kamar ana jan tsohon akwati a kan siminti. Sai ya tsaya har ka miƙe tsaye, sannan ya dawo. Na yi addu'ar ta tashi har na gaji, na koma addu'ar ta huta, ita ma shiru.

Da rana maƙwabciyarmu Gwaggo Hedviga ta shigo. Ita ke wanke gawar mata a unguwarmu tun ban san kaina ba, kuma ba ta iya sallama mai tsawo ba. Ta tsaya a kan Mama ta saurari numfashin, sannan ta wuce kai tsaye ta buɗe adakar da ke ƙarƙashin taga. Ta juya kayan ciki sau biyu.

"Darina, ina rigar tafiyarta?"

Matan zamanin su Mama kowacce da hannunta take ɗinka rigar da za a binne ta da ita. Farin lilin ne, da ado na zare mai launi a wuya da bakin hannu. Ba a ƙulla zaren ko sau ɗaya. In an kai ƙarshen layi sai a bar jelarsa tana reto, don kada a ɗaure mai tafiya. Shekara biyu da suka wuce, da aka mai da fadar gidan ajiye kayan gargajiyar yankinmu, suka zo neman tufafin kwarinmu. Lokacin Mama ta fara mantuwa. Na ba su rigar ban tambaye ta ba, saboda babu ɗinkin da ya kai nata a duk kwarin, kuma ina son a gani.

"Tana fada," na ce. "Aro na ba su."

"Aro." Gwaggo ta rufe adakar a hankali. "To, ba a yi ɓarna ba, sai ki je ki karɓo." Har ta juya, sai ta tsaya tana kallon yatsuna. "Ke ce telarsu a can, ko ba haka ba? Kin taɓa ta?"

Mutum-mutumin da aka sa wa rigar ya fi Mama faɗin kafaɗa, ko sati ba a yi ba ɗinkin ya fara warwarewa. Ni kuwa shekarata talatin ina ɗinki, in na ga zare yana reto jikina ƙaiƙayi yake yi. Sai na bi na ƙulle.

"Ƙulli nawa?" in ji Gwaggo.

"Bakwai."

Gwaggo ta zana alamar gicciye a ƙirjinta. "Kin ɗaure uwarki wuri bakwai, kin zo kin zauna kina damun likita da tambaya. Tashi. Kada ki kuskura ki sa almakashi. Da hannun da kika ƙulla za ki kwance, kuma a can, kafin ki cire ta daga jikin abin nan."

Gaskiya ban yarda ba. Na tafi ne don in guje wa idon Gwaggo, in kuma huta da jin numfashin nan ko na ɗan lokaci. Wannan ita ce gaskiyar, ko da ba ta yi mini kyau ba.

A watan Nuwamba ƙarfe huɗu rana ta gama da mu. Hanyar dutsen duk rubabben ganye ne, ga hayaƙin itace yana tasowa daga gidajen ƙasa. Motar baƙi ta ƙarshe ta wuce ni tana gangarowa. Da na isa, Kawu Kornel mai gadi yana jan ƙofar ƙarfe zai rufe.

"A'a, telar fada da kanta. An tashi, 'yata. Ko wandon wani gunki ne ya yage ban sani ba?"

"Rigar Mama na zo ɗauka, Kawu."

Dariyar ta bar fuskarsa. "Har yanzu Apolonia tana nan?"

"Har yanzu."

"Kin san ba a fitar da kaya sai shugaba ta sa hannu, ita kuma tana birni sai Litinin." Ya daɗe yana kallon tarin makullansa, sannan ya zare ɗaya ya miƙo mini. "Ni dai ban ga kowa ba. Idona ya mutu tun bara, duk gari an sani."

"Ba za ka raka ni ba?"

"Gwiwa," in ji shi, yana shafa ta. Mutumin da ke hawa hasumiya sau biyar a rana da baƙi, yana ba su labari ko haki ba ya yi. Da ya ga kallon da nake masa sai ya rage murya. "Ni bayan ƙarfe huɗu ba na hawa ɗakin mata. Kada ki tambaye ni. Fitilun sama kuma da kansu suke mutuwa huɗu da rabi, ki yi abin da ya kawo ki ki sauko. Ina nan gindin matakala."

Na ratsa ɗakin makiyaya mai warin tsohuwar fatar tumaki, na wuce ɗakin masaƙa, na hau matakalar dutsen da ƙafafun mutane suka cinye tsakiyarta. Na san wurin kamar shagona. Amma ban taɓa jin takuna shi kaɗai a ciki ba.

Ɗakin mata shi ne dogon zauren da masu fadar suke rawa a da. Yanzu mutum-mutumi goma sha huɗu ne a ciki, layi biyu, bayan jar igiya. Ba su da fuska, kawunansu farin ƙyalle ne da aka cusa wa auduga. Ni na sa wa kowannensu kaya. Na kuma san abin da baƙi ba su sani ba: biyar daga cikin rigunan nan, ban da ta Mama, rigunan tafiya ne. Masu su sun mutu, 'ya'yansu suka binne su da rigunan kanti, suka kwaso adakokin suka kawo fada. Da jelar zare na gane su. Kuma duk na bi su na ƙulle, ina jin daɗin aikina.

Ta Mama ce ta ƙarshe, kusa da taga, da ɗan kati mai sunanta. Na tsallake igiyar, na durƙusa, na ɗaga bakin rigar. Warin kafur ya cika mini hanci.

Ƙullin farko bai ba ni wahala ba. Na sa farce na ja, ya saki.

Sai na ji numfashin.

Kwana tara ina jin sa, ba zan ɗauke shi da na kowa ba. Ga jan akwatin nan, ga tsayawar, ga dawowar. Na ce a raina kunnena ne ya taho da shi daga gida. Na toshe kunne ɗaya da yatsa. Bai ragu ba. Daga sama da kaina yake fitowa, daga farin ƙyallen da ba shi da baki.

Ban ɗaga kai ba. Na matsa ga na biyu, a gefen haƙarƙari. Yatsuna sun yi sanyi, farcen yana zamewa. Da ya saki, sai numfashin ya ɗan sassauta. Kaɗan, amma na ji.

A nan na yarda da Gwaggo Hedviga, kuma yardar ta fi rashin yardar ban tsoro.

Na uku, a hammata.

Ina kan na huɗu fitilu suka mutu.

Na kunna hasken wayata na jingina ta a bakin taga. Hasken ya kai ni da rigar kawai, sauran zauren ya zama baƙi. Warin kafur ya tafi. Wani wari ya maye gurbinsa, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da kyandir da aka kashe yanzu.

Na huɗu ya saki.

Bayana wani abu ya yi motsi. Ƙarar siket ce mai sitaci, irin wadda ake ji a coci ranar Lahadi in tsofaffin mata sun durƙusa gaba ɗaya.

"Kawu?" na ce a hankali.

Ba amsa.

Na biyar yana bakin hannun hagu. Na riƙe hannun rigar, sai na ji ɗumi a cikinsa. Auduga ce da sanda, ni na ɗaura su, amma akwai ɗumi.

Ƙarar siket ɗin ta matso. Sai ƙwas, katako ya taɓa daɓe. Sai shiru. Sai ƙwas kuma, daga ɗaya layin.

Na shida. Farcena ya karye, jini ya ɗan fito, na tsotse don kada ya taɓa lilin. Na koma da ɗan yatsa na biyu.

Wani abu ya gogi kuncina.

Na juya ido kawai, ban juya kai ba. Hannun riga ne, an miƙo shi daidai fuskata, an juyo da bakinsa sama. Ado na shuɗin zare. Ga ƙullina a ƙarshen layin, ƙarami, tsaf. Rigar Justina ce, matar mai burodi, wadda na je jana'izarta shekara biyar da suka wuce. Wurinta yana can bakin ƙofa, taku ashirin daga inda nake.

"Nawa fa?"

Raɗa ce, kusa da kunnena.

"'Yar Apolonia. Nawa ƙullin fa?"

Na shida ya saki. Ban san yadda aka yi ba.

Saura ɗaya, a wuya, daidai maƙogwaro. Dole na miƙe tsaye. Na miƙe idona yana kan zaren, ina jin su a bayana, kusa, sun yi rabin da'ira. Ba su taɓa ni ba. Jira suke.

Numfashin Mama ya zama na mai barci. Babu gargara, babu tsayawa. Shiga da fita a hankali, irin wanda nake ji ina ƙarama in na kwanta a bayanta. Rabona da jin sa haka na manta.

Sai hannuna ya tsaya.

Na gane abin da ƙullin nan yake riƙe da shi. In na bar shi, zan sauka gida in same ta tana barci mai daɗi. Gobe ma haka. Ba ta gane ni, amma tana nan, zan iya riƙe hannunta, in taje mata gashi. Tsoron waɗanda ke bayana ya koma ƙarami. Ba na son uwata ta mutu. Duk addu'ar da na yi ta ta huta, ashe baki ne kawai.

Na janye hannuna.

"Darina."

Wannan ba raɗa ba ce. Muryarta ce ta da, kafin mantuwa, mai ɗan faɗa-faɗa.

"Kullum hannunki da tsauri. Sau nawa zan gaya miki ki riƙa sassauta zare?"

"Mama," na ce, "in na kwance wannan..."

"Na sani."

"Ki bar mini ko sati ɗaya."

"Shekara biyu ina tsaye a nan mutane suna kallona, 'yata. Ƙafata ta gaji."

Shekara biyu. A watan da na kawo rigar ne ta daina gane mu gaba ɗaya. Ban taɓa haɗa biyun ba sai a lokacin.

Na sa yatsu. Ƙullin ya ƙi. Shi na fi ja ranar da na yi shi, don wuya ne baƙi suka fi kallo. Farce ba ya shiga.

Na sa haƙori.

Goshina ya jingina da farin ƙyallen. Na ji ƙanshin sabulunta. Na ciji zaren a hankali, na ja, na sake ja.

Ya saki.

Wani dogon numfashi ya fito, mai ɗumi, ya bi ta gashina. Na jira ya koma ciki.

Bai koma ba.

Ɗumin ya bar rigar tun ina riƙe da ita. Abin da ke gabana ya koma sanda da auduga.

Sai suka matso.

"Nawa fa?"

"Nawa fa?"

Murya biyar, ba a tare ba, kowacce da nata sautin. Na fizge rigar ta kan mutum-mutumin, na ƙanƙame ta a ƙirji, na juya. Fararen kawuna sun kewaye ni, sun sunkuyo. Hannayen riguna a miƙe, duk an juyo da bakinsu sama.

Na nufi ratar da ke tsakanin biyu. Wani abu ya kama wuyan hannuna na dama. Ba yatsu ba ne. Ƙyalle ne ya naɗe ni, yana matsewa, sanyinsa har ƙashi.

"Gwaggo Justina," na ce, "zan dawo. Ku bar ni in sa wa uwata rigarta. Na rantse zan dawo."

Matsewar ta ƙaru. Na ji wani siririn abu yana zagaya fatata, sau ɗaya, sau biyu, aka ja.

Sannan aka sake ni.

Ban san yadda na sami ƙofa a duhun ba. Na bugi bango da kafaɗa, na sami matakala da ƙafa. Bayana ƙwas, ƙwas, ƙwas, katako a kan dutse, ba sauri, ba tsayawa. Na tsallake matakai bibbiyu. A ƙasa na hango hasken tocila, Kawu Kornel yana riƙe da ƙofa a buɗe, ya juya fuskarsa gefe, yana karanta addu'a da ƙarfi. Na faɗo ta gabansa. Ya maida ƙofar, ya murza makulli sau biyu, ya jingina bayansa da ita.

Ƙarar ta tsaya a ɗaya gefen.

Bai tambaye ni komai ba. Ya haska hannuna kawai. Shuɗin zare ne ɗaure a wuyan hannun, an ƙulla shi ƙulli ƙarami, tsaf, irin nawa.

"Kada ki yanke," in ji shi. "Je ki gida."

Daga rabin gangaren ana hango gidanmu. Tagar ɗakin Mama a buɗe take warwar, cikin wannan sanyin, labule yana kaɗawa waje. A wurinmu dalili ɗaya ne ke sa a buɗe tagar mara lafiya haka: in rai ya yi halinsa. Na zauna a kan jiƙaƙƙen ganye na yi kukan da ban yi ba kwana tara.

Ranar Asabar muka binne ta da rigarta. Kafin a rufe akwatin, ɗinkin kafaɗa har ya fara sakin jiki, Gwaggo Hedviga ta duba ta gyaɗa kai. Litinin da hantsi na koma fada, Gwaggo ta zauna a kujera a bakin zauren da carbinta. Kowane mutum-mutumi yana wurinsa. Na bi riguna biyar na kwance ƙulli talatin da ɗaya, ina kiran sunan mai kowacce. Ina gama na ƙarshe zaren hannuna ya zame ya faɗi da kansa. Shugabar gidan ba ta ji daɗi ba ko kaɗan, ta ce baƙi za su ɗauka ba a kula da kayan. Na ce ta nemi wata telar. Har yau ba a samu wadda ta yarda a kwarin nan ba.

Kawu Kornel ne ya sauko mini da wayata daga bakin taga. Kira goma sha ɗaya na gani, duk na Imrich.

Imrich bai yafe mini ba. Ba ya faɗa da ni, amma duk shekara in mun je kabarin sai ya ce, "Kwana tara kina zaune, sai a mintin ƙarshe kika tafi neman riga. Ni kaɗai na riƙe hannunta." Ya ce ta tafi cikin sauƙi, numfashin ya yi ta laushi kaɗan-kaɗan kamar ana sauke mata kaya, kuma dab da ƙarshe leɓenta ya yi motsi kamar tana yi wa wani faɗa.

Nakan ce masa ya yi haƙuri. Na gwammace ya riƙa cewa ba na nan lokacin da Mama ta tafi, da ya san ni na riƙe ta shekara biyu, kuma ni na sake ta.